Ganye Ma Yana da Ƙofa

'Yan'uwana ɗalibai, a jikin ganye, musamman ta bayansa, akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani sai da madubin likita. Sunansu a kimiyya sitomata. Ta nan iskar kabon dayokzaid, wato irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, take shiga domin tsiro ya haɗa abincinsa.

Kowace ƙofa tana da masu gadi biyu, ƙwayoyin halitta ne masu siffar wake. In suka sha ruwa suka kumbura, ƙofa ta buɗe. In suka saki ruwan, ta rufe. Abin mamaki, masu gadin nan suna gane yawan iskar da ke cikin ganye. Da rana tsiro yana ta amfani da ita, sai ta ragu, su kuma su buɗe. In ta yi yawa, kamar da dare, sai su tsuke ƙofar.

To, me ya hana a bar ta a buɗe kawai? Ruwa! Ta wannan ƙofa yake tserewa, har fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da saiwa ta zuƙo. Ku ɗaura farar leda a reshen darbejiya da safe, kafin a tashi za ku ga ta yi gumi.

Gero da dawa sun iya tara iskar a cikin ganye ko da ƙofa ba ta buɗe sosai ba, wannan na cikin abin da ya sa suke jure fari fiye da shinkafa. Ita kuwa abarba sai dare take buɗe tata.