Idan Likitan Fata Ya Yi Nisa

Likitocin fata kaɗan ne a Arewa, akasarinsu kuma suna manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Iyayen da ke karkara sukan kai yaro sau ɗaya. Da ƙaiƙayi ya lafa, sai kuɗin mota da asarar yini guda su hana su komawa, ciwo kuwa ya dawo sabo.

Makeron kai ba ya jin man shafawa kaɗai. Sai an sha magani na makonni, ko da gashi ya fara tsirowa. Ƙazuwa kuma sai an yi wa duk mutanen gida magani lokaci guda, a wanke tufafi da shimfiɗa.

Iyaye, ku gaya wa likita nisan garinku tun farko. Ku roƙi isasshen magani, da takardar da za ku kai asibitin kusa don a riƙa duba yaron. Ku fara tanadin kuɗin komawa tun ranar. Kada nisa ya sa ku sayi man shafawa a kyamis ba da izinin likita ba, domin wasu na sa fatar yaro ta yi rauni, su ƙara yaɗa makero.