Shafi mai sunanka a intanet, ba tare da kuɗin haya ba

Tambaya: Malam, a Agege nake zaune, ina gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, kuma na fara koyon rubuta manhaja. Ina son shafi nawa na kaina da zan riƙa nuna wa masu ba da aiki, sai dai kuɗin haya na shekara ya fi ƙarfina. Ko akwai mafita?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018, rumbu ne da masu rubuta manhaja ke tara aikinsu, kuma tun 2008 yake da sashen GitHub Pages mai mayar da abin da ka ajiye ya zama shafi, kyauta.

Ka yi rajista da sunan da ba za ka ji kunyarsa gaban mai ba da aiki ba, domin shi zai zama adireshinka. Sai ka buɗe ma'ajiya ka sa mata suna daidai haka: sunanka.github.io. Harafi ɗaya ya sauya, shafin ba zai fito a wannan adireshin ba. A ciki ka ƙirƙiri fayil mai suna index.html, ka rubuta bayaninka, ka adana. Ko da wayarka kana iya yi. Kada ka tayar da hankali in bai bayyana nan take ba, yakan kai minti 10.

Abu biyu ne suka fi wahalar da sabon shiga. Na farko sunan hoto: in ka ajiye Hoto.JPG amma ka rubuta hoto.jpg a cikin shafin, akwati fanko za a gani, don na'urar ba ta ɗaukar babban harafi da ƙarami abu guda. Na biyu haruffanmu masu lanƙwasa. Ka sa layin <meta charset="UTF-8"> a saman fayil ɗin, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya rikiɗewa su koma shirme. Hotunan kuma a rage musu nauyi. An ba ka har 1GB, amma wanda zai duba da datarsa yake biya.

Inda nake so ka fi lura shi ne, a tsarin kyauta ma'ajiyar a buɗe take, kowa na karantawa. Lambar sirri, BVN ko hoton katin NIN kada su kusanci wurin. Gogewa ma ba ta wadatar, domin GitHub na riƙe tarihin duk abin da aka taɓa sakawa.

Kuma in wani ɗan kasuwar Jankara ya ce ka buɗe masa kanti a nan, ka ba shi haƙuri. Ƙa'idar GitHub ta hana amfani da Pages wajen saye da sayarwa, kuma shafin ba ya da rumbun bayanai da zai riƙe odar masu ciniki.

In aljihu ya ɗan yi nauyi, ka sayi adireshin .com.ng a wurin dillalan da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su, ka haɗa shi ta saitin Pages, sannan ka kunna HTTPS. Kuɗin sabunta adireshin duk shekara ne kaɗai zai rage a wuyanka.