DARASI: Shin Mutum Cuta Ne Ga Duniya?

Tun lokacin annobar korona ta 2020 ake yawan jin wata magana mai nauyi, wai ɗan Adam shi ne cutar da ta kama duniya. Ya kamata mu auna wannan magana da natsuwa.

Halin ƙwayar bairos

Bairos, irin mai kawo ƙyanda da shan-inna, ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mai rai, ya mallake ta, ya tilasta mata ta ƙera masa 'ya'ya barkatai. Sau da yawa ƙwayar takan mutu, su kuwa su bazu neman wata. Ci kawai ya sani, bai san gobe ba.

Inda muka yi kama

A farkon ƙarni na 19 mutanen duniya ba su wuce biliyan 1 ba, a 2022 suka kai biliyan 8. Yawan ba laifi ba ne, yadda muke ci shi ne abin dubawa. Ku dubi ƙasar Maraɗi a Nijar. An daɗe ana share gonaki ƙarƙaf, ana sare itatuwa domin noma da makamashi. Da inuwa ta tafi, iska ta kwashe ƙasa mai albarka, rairayi ya riƙa binne shuka. Fari da yunwar 1984 suka tarar da ƙasa tsirara. Ashe wannan ba halin bairos ba ne?

Inda muka bambanta

Amma labarin bai ƙare nan ba. Manoman nan suka koyi barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna rage rassa, suna kiwon masu ƙarfi. Ta haka gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Babu bairos ɗin da ya taɓa yin nadama, balle ya gyara ɓarnarsa. Mutum kuwa an ba shi hankali da lamiri. Littafin Farawa (2:15) ya nuna aikinmu na fari shi ne kula da gonar Allah, abin da marigayi Paparoma Francis ya tunatar da mu ke nan a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015.

Akwai kuma haɗari. Cuta kawar da ita ake yi, kamar yadda aka kawar da agana a 1980. Wanda ya kira mutane cuta, gobe zai ga talaka da 'ya'yansa a matsayin abin ragewa, alhali masu wadata ne suka fi ɓarna. Haɗama ce cutar, maganinta kuwa tuba.

Don nazari a gida da ƙungiyoyi

1. Waɗanne itatuwa ne kakanninmu suka sani a garinmu, yau babu su?
2. Kututture nawa za ka bari ya tofo a gonarka bana?

Allah ya sa mu zama amintattun masu riƙon halittarsa. Amin.