Ƙuri'a Shaida Ce, Tsaronta Kuwa Nasiha Ce Ga Shugabanni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata tambaya da kan taso a majalisun ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Tsanyawa duk sa'ad da aka ji cewa Majalisar Tarayya tana shirin taɓa dokar zaɓe. Shin ya kamaci manomi da ya san Allah ya sa bakinsa a wannan sha'ani, har ya aika wa wakilinsa cewa a ƙarfafa dokar da ke tsare masa ƙuri'a, ko kuwa wannan aikin 'yan siyasa ne kurum? Amsa ita ce ya kamace shi, kuma ga dalilai.

Da farko, shawara ginshiƙi ce a Musulunci. A Suratush Shura, aya ta 38, Allah Maɗaukaki Ya ambace ta cikin siffofin muminai, Ya sanya ta tsakanin tsai da salla da ciyar da dukiya. Sahabbai sun yi aiki da wannan. Yayin da aka soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan Hijira, sai ya bar al'amarin halifanci a hannun mutum shida. Abdurrahman ɗan Aufu ya janye kansa, ya kwana uku yana zaga Madina yana jin ra'ayin jama'a, kuma Ibnu Kasir ya kawo cewa har matan da ke cikin ɗakunansu sai da aka tambaye su. Saboda haka malamai da yawa na wannan zamani suka ɗauki ƙuri'a a matsayin shaida, watau mai jefa ta yana shaidar cewa wane ya cancanci riƙon amana. Ɓoye shaida kuwa zunubi ne, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 283. In ɓoye ta laifi ne, to, ina ga wanda ya saye ta, ko ya tare hanyar mai bayar da ita, ko ya sauya ta bayan an bayar?

Na biyu, hadisin Tamimud Dari, wanda yake shi ne na bakwai cikin Arba'una ta Nawawi, ya sanya shugabanni cikin waɗanda ake bin Musulmi bashin yi musu nasiha. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya nuna yadda ake biyan wannan bashi. Wajen 1788, a Magami, ranar Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya amince. Abin lura shi ne Shehu bai nemi kome don kansa kaɗai ba, kuma ya faɗi bukatunsa ɗaya bayan ɗaya a gaban mai ikon zartarwa.

Na uku, tarihin ƙasar nan ya isa wa'azi. A zaɓen 1951 talakan Arewa ba ya zaɓen wakilinsa kai tsaye. Hawa-hawa ake yi, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, har wanda jama'a suka so tun daga ƙasa ya zube kafin a kai sama. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta yi ta kuka a kan wannan tsari. A zaɓen tarayya na 1959 an ba kowane baligi namiji ƙuri'arsa, amma matan Arewa aka bar su waje, alhali takwarorinsu na Kudu suna jefawa. Malam Aminu Kano ya kafa hujja da addini cewa mace tana da baki a sha'anin jama'a, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha ɗauri a kan wannan fafutika. Sai a 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, suka shiga babban zaɓen 1979. A wannan shekarar ce gwamnatin Abubakar Rimi ta hau a Kano, ta soke haraji da jangali. Manomin da ya daina ɓuya a dawa saboda kuɗin haraji ya ga amfanin ƙuri'a da idonsa.

Mutanen arewacin Kano sun fi kowa sanin cewa abin da aka samu ba ya tsare kansa. Ƙasa ce mai cunkoso, gona na manne da gona, ba a barin fili ya huta, sai dai a ciyar da shi da taki kowace shekara. Iyaka kuwa gamba ce ko wata bishiya, wanda ya yi sakaci da ita sai ya tarar maƙwabci ya ci kunya ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi. Haka haƙƙin zaɓe yake. Dokar zaɓe ta 2022 ba ta samu a sauƙaƙe ba: Shugaba Buhari ya mayar da ƙudurin gyara a 2018 da kuma Disamban 2021, ƙungiyoyin jama'a suka yi ta matsa wa Majalisa da fadar gwamnati, kafin ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022. A 2021 hukumar zaɓe ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846. Duk da haka, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin masu rajista fiye da miliyan 93, waɗanda suka jefa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Wannan alama ce ta cewa zukata da yawa sun yanke ƙauna.

To, me za a nema? Jihar Kano tana da sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 24. Ya kamata mutanen gari su haɗu, maza da mata, su rubuta takarda su sa hannu, su nemi a kawo rajista da katin zaɓe kusa da ƙauye, don kada tsohuwa ko matar aure ta rasa saboda nisa. Su nemi a ƙidaya ƙuri'a a rumfa, a manna sakamako a gaban jama'a, a tabbatar shi ne ya isa wurin tattarawa ba tare da canji ba. Su nemi a hukunta mai sayen ƙuri'a da mai hayar 'yan daba, babba ne ko ƙarami. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 69, ya ba masu zaɓe ikon yi wa wakili kiranye, saboda haka shi wakili ne, ba uban gida ba.

Sai dai nasiha tana da ladubbanta. Ba a gina ta a kan jita-jita, ba a haɗa ta da zagi ko cin mutunci, ba a kuma mayar da ita hanyar roƙon taki ko kuɗin cefane. Wanda ya je neman gyaran doka ya komo da ambulan ya sayar da bakinsa. Limami da malamin zaure su karantar da hukuncin shaida, amma kada su mayar da mumbari rumfar jam'iyya. Mai nema kuma ya fara da kansa, domin wanda ya karɓi taliya ko atamfa a bakin ƙuri'arsa ba shi da bakin zargin mai saye.

Allah Ya ba shugabanni ikon sauraro, Ya ba talakawa ƙarfin faɗin gaskiya, Ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.