Kula da Gashin Karen Farauta na Ingila

Wani mai sauraronmu mazaunin Ingila yana tambayar yadda ake kula da gashin karen da Turawa ke kira Flat-coated Retriever. To, malam, wannan kare, wanda aka samar da irinsa a Ingila cikin ƙarni na 19 domin ɗauko tsuntsayen da maharba suka harbo, ko da a ruwa suka faɗa, gashinsa kwantacce ne, baƙi ko ruwan hanta, kuma haƙƙinsa ne a taje shi aƙalla sau ɗaya a mako, musamman bayan kunnuwa da gezar wutsiya, inda yakan cukurkuɗe ya kwashi ƙaya. In ya fito daga ruwa a tsane masa kunnuwa. Amma kada a aske shi ƙwal, domin gashin ke kare shi daga sanyi da rana.