Ba Kowane Maƙoƙo Ne na Rashin Aidin Ba

Ya ku 'yan'uwa mazauna Alshajara da Omdurman, an saba gaya muku cewa maƙoƙo daga ƙarancin sinadarin aidin yake. Gaskiya ne a wurare kamar Darfur, inda kumburin wuya ya daɗe yana addabar jama'a. Amma akwai wani maƙoƙon da gishiri mai aidin ba ya warkar da shi.

A gaban wuya akwai wata ƙaramar tsoka da likitoci ke kira tayirod, wadda ke daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da kuzari. Garkuwar jiki kuwa tana ƙera wasu furotin a cikin jini don yaƙar ƙwayoyin cuta. Wani lokaci sai waɗannan dakaru su juya kan tayirod, su riƙa cin ta sannu a hankali. Likitan Japan Hakaru Hashimoto ne ya bayyana cutar a 1912, sannan a 1956 Deborah Doniach da Ivan Roitt suka gano waɗannan furotin a jinin masu ita a Landan. Ta fi kama mata. Alamunta kasala ce, da jin sanyi, da bushewar fata, da rikicewar al'ada, abubuwan da ake saurin ɗora wa wahalar zamani.

Ƙwayoyin da ke ƙera waɗannan furotin su ne kuma, idan ɗaya daga cikinsu ta hayayyafa a ɓargo, ke zubo furotin iri ɗaya tak a jini. Ana samun haka a wajen mutum 3 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 50. Yawancinsu lafiya lau suke, amma kusan 1 cikin 100 a kowace shekara yakan rikiɗe ya zama sankarar ɓargo ko danginta. Don haka idan gwaji ya nuna furotin ya yi yawa, ku tambayi likita: iri-iri ne, ko iri ɗaya? Na biyun shi ke bukatar awo lokaci-lokaci, musamman in akwai ciwon ƙashi ko ƙarancin jini.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, magani ya yanke wa mutane da dama. Ƙwayar tairoksin ba a dainata don an ji sauƙi, balle ga mai juna biyu. In za ku tsallaka iyaka, ku rubuta sunanta da adadin da kuke sha a takarda, ku haɗa da sakamakon gwajinku na ƙarshe.