Abincin Gida a Lokacin Bazara

Maigida da uwargida, wannan darasi naku ne ku biyu. In ɗayanku ne kaɗai ya iya karatu, to, ya karanta wa ɗayan, a kira yara ma su saurara.

Kowa ya san bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafi ya kan tsananta, har a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40. Ɗaki ba ya zaunuwa. Sai a fito da murhu ƙarƙashin rumfa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko a gindin darbejiya, a ci tuwo ana shan iska. Wannan abu ne mai kyau, ba wanda zai hana ku. Amma ku sani a wannan lokaci ne abinci ya fi saurin lalacewa, ruwan rijiya ya ja baya, ɗanyen ganyen miya ya yi wuya, ga kuma ƙudaje. Gudawa kuwa in ta shiga gida, ƙananan yara ta kan fara kayarwa. Saboda haka za mu bi abinci tun daga lambu har ya shiga akushi, mu ga ƙofofin da cuta ke shiga, da yadda za a toshe su.

Abin da ke lalata abinci

Akwai waɗansu ƙananan halittu da a ke kira ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna zaune cikin kashin mutum da na dabbobi, da ƙazamin ruwa, da hannun da ba a wanke ba. Abu uku su ke so: ɗumi, da laima, da abinci. In sun sami waɗannan, ƙwaya ɗaya ta kan rabu biyu cikin kamar minti 20. Ku yi lissafi da kanku. Bayan awa 1 sun zama 8, bayan awa 2 sun zama 64, bayan awa 7 sun wuce miliyan 2. Tukunyar miya da aka sauke da rana aka bari har dare, gona ce a gare su.

Kada ku dogara ga hanci. Abinci ya kan cika da cuta tun bai yi tsami ko wari ba.

Lambun bayan gida

Maigida, ga naka aikin. Ba sai kana da fadama ba. Fili mai taku biyar ko shida kusa da rijiya ya isa ya riƙe miyar gida. Ka kewaye shi da dannin kara ko ƙaya saboda awaki da kaji.

Ka shuka abin da ke jure zafi: alayyafo, rama, yakuwa, lalo da kuɓewa. Alayyafo ya kan isa tsinka cikin kamar wata ɗaya, kuɓewa kuwa ta kan fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu. Latas da kabeji da karas sun fi son sanyin hunturu, kada ka wahalar da kanka a kansu yanzu. A jikin danni ka dasa zogale, gama shi da zarar ya kama ƙasa ba ya bukatar ruwa da yawa, ya kuwa daɗe yana ba ka ganye.

Ka yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. Ka rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. Ruwan da aka wanke hatsi ko ganye da shi, kada a zubar, a kai lambu. Amma kada ka bari ruwa ya kwanta, domin nan sauro ke haihuwa.

Ka kiyaye abu uku. Na fari, takin dabbobi za ka sa, wanda ya ruɓe sosai. Kada kashin mutum ko ruwan kwata ya kusanci ganyen da za a ci. Na biyu, salga ta yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, ta kuma kasance a gangare da ita, da murfi a bakinta. Na uku, in ka fesa maganin ƙwari, ka jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a tsinki ganye. Kwalbar kuwa kada a zuba mai ko ruwan sha a ciki, ko an wanke ta sau goma.

Me ya sa mu ke matsa muku a kan ganye? Tuwo yana cika ciki, yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya tsare jiki. Koren ganye yana taimakon jini. Shi da mangwaro da gwanda da kabewa suna da sinadarin da a ke kira bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, watau yaro ya daina gani da zarar magariba ta yi. Jiki ya fi karɓar wannan sinadari in an haɗa shi da mai. Don haka kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa abinci ne na gaske. Mangwaro kuwa yanzu ne lokacinsa. A wanke, a ba yara.

Ajiyar kayan lambu

Uwargida, in ganye ya yi yawa ki shanya shi a inuwa, a kan rumfa ko gado, ba a ƙasa ba, ba kuma a gefen hanya ba. Ɓera ya kan bi abin da aka shanya a ƙasa ya yi fitsari da kashi a kai. Ta haka zazzaɓin Lassa ke kama mutane. An fara gane wannan cuta a 1969 a garin Lassa cikin ƙasar Barno, ta kuwa fi yawa da rani. Hatsi da gari da busasshiyar kuɓewa duk a sa su cikin abin da ke da murfi.

Tumatir da gauta da tattasai kuwa akwai dabarar ajiye su ba da wutar lantarki ba. Ki sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ki sa ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin safe da yamma. Ki zuba kayan a ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, ki ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsatsowa yana bushewa shi ke janye zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Amma ki lura, don ɗanyun kayan lambu a ke yinta. Sanyinta bai isa ya tsare nama ko kifi ko dafaffen abinci ba.

A wurin murhu

Girki a fili ƙarƙashin rumfa ya fi girki a rufaffen ɗaki, domin hayaƙi yana cin ido, yana ɓata ƙirjin mai girki da na goyon da ke bayanta. Sai dai a kafa murhu nesa da zana da jinka, gama da rani kome a bushe ya ke, tartsatsi ɗaya ya isa gobara. Mai rarrafe kada ya zo kusa. In an gama a kashe wuta.

Ga ƙa'idodin girki:

1. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa abinci, da bayan kin fito daga salga, da bayan kin yi wa yaro tsarki. In babu sabulu, toka ta fi babu.

2. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ko kaza, kada ta taɓa albasa ko tumatir da za a ci ɗanye sai an wanke ta da sabulu.

3. Nama da kifi da ƙwai su dahu har ciki. In kin yanka nama kin ga ja, bai yi ba.

4. Ki auna girki daidai cikin mutanen gida. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a ci ba. Abincin ƙaramin yaro kuwa a dama masa sabo kowane lokaci.

5. Madara a tafasa ta kafin a sha, ko kafin a bar ta ta zama nono. Ɗanyar madara ta kan ɗauko tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci daga shanu.

Mun san ba gidan da zai zubar da tuwo, ɗumame kuwa kowa na sonsa. To, in tuwo ya ragu, a rufe shi a wuri mafi sanyi a gidan. Da safe a yanka shi ƙanana, a sa a wuta ya tafasa har tururi ya fito daga tsakiyarsa. Miya ma ta tafasa sosai. Ɗumi-ɗumi bai isa ba. Kada a ɗumama abu sau biyu, kada kuma a ba yaro ƙarami. Dafaffiyar shinkafa ta fi tuwo haɗari, domin in ta daɗe cikin zafi ta kan tara wani dafi wanda wuta ba ta kashewa. Ita a dafa ta daidai ci.

Waina daga tanda, da gurasa daga tanderu, da tsabtarsu su ke fitowa, wuta ta gama aikinta. Bayan an kwashe ne hannu da ƙura da ƙuda ke ɓata su. A zuba su cikin kwano mai tsabta, a rufe da faifai. Ƙullun da zai kwana shi ma a rufe.

Ruwan sha

Da zafi kowa na shan ruwa da yawa, a nan kuwa cuta ta fi samun hanya. In ba ku amince da ruwa ba, ku tace shi da ƙyalle mai tsabta, sa'an nan ku tafasa shi har ya yi minti 1 yana ɓararraka. Randa ta kasance da murfi, da moɗa ɗaya mai mariƙi. A ɗebo da ita a zuba a kofi, kada a kafa mata baki a mayar. A riƙa wanke randar. Fura da zoɓo da kunun zaƙi duk da wannan ruwa za a haɗa su. Kunun aya ba ya jimre zafi, a sha shi da wuri.

Kada ku ce wannan wahalar banza ce. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Da tace ruwa, da gyaran wuraren ɗiba, da ƙoƙarin mutanen ƙauye irinku aka ci ƙarfinsa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a ƙasar.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai za a ba shi, kome zafi. Akwai isasshen ruwa a cikinsa. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa, ta riƙa ba shi mama a kai a kai.

A kan tabarma

Kafin a kawo abinci a share wurin, a kwashe kashin kaji da na awaki, a kore su. Ƙuda daga juji da salga ya ke tasowa, ƙazantar tana manne a ƙafafunsa, ya sauka a kan tuwonku. Kowane akushi ya zo a rufe, ba a buɗe shi sai an zauna.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, watau a kawo ruwa a kwano ɗaya kowa ya tsoma hannu. Na ƙarshe, wanda galibi ƙaramin yaro ne, da dauɗar kowa ya ke wanke nasa. A zubo ruwa daga buta, kowa ya cuɗa hannu da sabulu.

Yaro ƙarami a zuba masa nasa daban. In ya sa hannu tare da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share kwano, uwa kuwa ba za ta san abin da ya ci ba. In da dare ne a kawo fitila, domin kunama ta kan fito da zafi. Da an gama a wanke kwanuka, a kife su a kan rumfa, kada su kwana da sauran abinci su jawo ɓera.

In gudawa ta shigo

Kada a ce haƙori ne a zauna. Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. A karɓo garin gishiri da sukari na asibiti, wanda a ke kira ORS, a zuba ƙunshi ɗaya cikin ruwa mai tsabta daidai yadda aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a haɗa sabo. In babu, a haɗa na gida kafin a samo: ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali a shafe. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A ci gaba da ba shi mama da abinci. A kuma karɓo ƙwayar zinc, ya sha kwana 10 zuwa 14.

A kai shi asibiti nan da nan in an ga jini a kashinsa, ko idonsa ko maɗigarsa ta faɗa, ko ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jikinsa ya saki. Babba ko yaro, in kashi ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, kada a kwana, a kuma sanar da ma'aikacin lafiya, domin yana iya zama kwalara.

Tambayoyi

1. Awa nawa dafaffen abinci zai yi a ajiye da bazara?
2. Yaya a ke ɗumame yadda ba zai cuci mai ci ba?
3. Mita nawa ya kamata a bari tsakanin salga da rijiya? Ku auna naku.
4. Don me ba a ba jariri ɗan wata 3 ruwa?
5. Faɗi alamu uku da za su sa a kai yaro asibiti.

Ku ajiye wannan takarda inda za ku riƙa dubawa, ku kuma karanta wa maƙwabta, gama ƙudan gidansu ba ya tsayawa a bakin danga. Rigakafi ya fi magani.